Kiɗan Kwamfuta da Kiɗan Hannu: Yadda Ake Zaɓar Ganga a Situdiyon Gida

Duk wanda ya mayar da ɗaki ɗaya na gidansa wurin naɗar waƙa, matsalar da za ta fara tare masa hanya ita ce ganga. Murya tana shiga makirufo ɗaya, jita ma haka, kibod kuwa waya kawai ake jona masa, amma cikakken jerin gangunan zamani, mai gangar ƙafa da sineya (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashinta) da tom-tom (gangunan kwalliya) da hai-hat (faifan ƙarfe biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa) da sauran faya-fayen ƙarfe, kayan kiɗa ne shida ko bakwai da ake bugawa lokaci ɗaya a wuri ɗaya, kowanne yana kutsawa cikin makirufon ɗan'uwansa. Shi ya sa mafi yawan masu aiki a gida suke komawa ga kiɗan da aka tsara a kwamfuta, ko ga gutsuren kiɗan da wani ya riga ya naɗa ake ta maimaita shi, wato luf. Shawarata ita ce a tsara ginshiƙin kiɗa a kwamfuta, a kawo hannun mutum a kan abubuwan da makirufo ɗaya zai iya ɗauka da kyau, kuma kada a shigo da cikakken jerin ganguna sai idan waƙar ba za ta tsaya ba sai da shi, ɗakin kuma ya yarda.

Kafin ka taɓa kowace na'ura, rera waƙar da abin kiɗa ɗaya kawai, ka lura da gudunta. Idan gudunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar yadda yawancin waƙoƙin rawa suke, kwamfuta ce za ta riƙe lokaci, komai kuma zai bi ta. Idan kuwa waƙar tana son ta ɗan ƙara sauri a amshi ta lafa a baiti, to makaɗi ne ya kamata ya riƙe lokacin, a fara naɗarsa, sauran su biyo baya. Aikin da ya fi cin rai shi ne a naɗi murya da jita ba tare da wani awon lokaci ba, sannan daga baya a zo ana neman ɗora luf a kansu, domin kafin a kai amshi na biyu sun riga sun rabu. Manhajoji irin su Cubase da Logic Pro da Reaper suna ba da damar zana taswirar gudu, ta yadda layukan awon manhaja za su bi abin da aka naɗa, sai dai aiki ne mai cin sa'o'i wanda yanke shawara tun farko zai raba ka da shi.

Idan kwamfuta ce za ta yi kiɗan

Kiɗan na'ura ya rabu gida biyu tun da wuri. A shekarar 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da TR-808, wadda ke ƙirƙirar sautinta da lantarki tsantsa, a wannan shekarar kuma Roger Linn ya fito da LM-1 a Amurka, wadda ke ɗauke da samfuran ganguna na gaske da aka naɗa. Har yanzu a kan waɗannan hanyoyi biyu ake tafiya. Ko dai ka yi kiɗan da bai ɓoye cewa na na'ura ne ba, inda daidaito tsantsa ado ne, kuma hai-hat mai gudun da hannu ba zai iya ba abin so ne, ko kuma ka kwaikwayi makaɗi, inda dole kowane bugu ya zama abin da mutum zai iya yi. Dukansu suna da daɗi idan an yi su da gaske. Abin da ke ɓata waƙa shi ne a ɗauko sautin ganga ta gaske a buga shi bugun na'ura, domin kunne yana jin itace da fata, sai ya sa ran zai ji mutum.

Idan kwaikwayon makaɗi ka zaɓa, ka tuna cewa hannu biyu da ƙafa biyu gare shi, saboda haka abu huɗu ne iyakar abin da zai iya bugawa lokaci ɗaya, biyu daga ciki kuma da ƙafa. Lokacin da ya shiga kwalliyar tom-tom a ƙarshen baiti, hannunsa ya bar hai-hat, don haka sai ka goge hai-hat a wurin. Idan ya doki faifan ƙarfe a farkon amshi, kusan kullum tare da gangar ƙafa yake yi, kuma hannun da ya doki faifan ba ya kan hai-hat a wannan bugun. Kwalliyar ma kada ta yawaita. Makaɗi mai hankali yakan wuce gaɓa takwas ko sha shida bai yi komai ba sai riƙe kiɗa.

Ƙarfin bugu shi ne wurin da ya cancanci mafi yawan lokacinka. A tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983 kuma da shi manhajoji ke rubuta bugu har yau, kowane bugu yana da lambar ƙarfi daga 1 zuwa 127. Idan ka zana bugu da linzamin kwamfuta, manhaja takan ba su lamba ɗaya duka, wannan kuwa shi ne tushen bushewar da ake ji a kiɗan masu koyo. Hannun mutum a kan hai-hat yana nauyaya bugun da ya faɗo kan ƙirga, ya sassauta na tsakani, saboda haka ka gwada jeri irin 95, 60, 80, 60, ka ci gaba da maimaita shi kana ɗan sauya lambobin. Babban bugun sineya a kan ƙirga ta biyu da ta huɗu zai iya zama tsakanin 105 da 115, ƙananan bugun da makaɗi ke sakawa a tsakani da hannun hagu, waɗanda da ƙyar ake jin su, su tsaya tsakanin 20 da 40. Ka ajiye 127 domin wurin da waƙar ta kai ƙololuwa. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, kunne ne zai gyara su. Dalilin da ya sa suke aiki shi ne, manhajojin ganga irin su EZdrummer da Superior Drummer da Addictive Drums sun naɗi kowace ganga a matakan ƙarfi daban-daban, kuma sau da yawa a kowane mataki, ta yadda rage lamba yana canza launin sautin kansa, kamar yadda fata ke amsa bugu mai taushi dabam da mai ƙarfi. Idan samfur ɗaya tak kake da shi na sineya, ka nemo biyu ko uku masu kama da juna ka riƙa musanya su, musamman a wurin bugu mai sauri a jere.

Sai kuma lokacin da bugu ke faɗowa. Ya fi kyau ka buga kiɗan da yatsunka a kan kibod ko madannan bugu, gangar ƙafa da sineya a zagaye na farko, hai-hat a na biyu, maimakon zana komai. Bayan haka, idan za ka sa manhaja ta ja bugun zuwa layukan awo, kada ka bar ta ta ja su gaba ɗaya. Mafi yawan manhajoji suna da ma'aunin ƙarfin jan, kuma kashi 50 zuwa 70 cikin 100 yana gyara kuskure ya bar salon hannunka. Lissafin yana da sauƙi. Ka raba 60,000 da gudun waƙa, za ka sami tsawon bugu ɗaya a milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. A gudun bugu 100 a minti, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rubu'insa kuma 150. Idan ka jinkirta sineya da milisakan 10 zuwa 15 a waƙar duka, kiɗan zai zauna ya yi nauyi. Idan ka gabatar da hai-hat da kaɗan, zai ji kamar yana turawa gaba. Akwai maɓallin da ke watsa bugu gaba da baya ba tsari, da sunan sa kiɗa ya yi kama da na mutum, amma ban ga amfaninsa ba in ya wuce milisakan biyu ko uku. Ƙwararren makaɗi ba ya kauce wa layi barkatai. Inda yake kaucewa, kullum nan yake kaucewa, kuma da niyya. Haka ma ma'aunin lilo, wanda na'urorin Linn suka yaɗa, daga LM-1 har zuwa MPC60 ta kamfanin Akai a 1988: kashi 50 yana nufin ƙananan bugu biyu sun raba lokaci daidai, kashi 66 kuma na farko ya ninka na biyu tsawo. A gudun 100, kashi 58 yana jinkirta bugu na biyu da milisakan 24, wanda ya isa ya sa kiɗa ya yi rangaji ba tare da an gane dalili ba.

Idan ka ji sauti yana makara bayan ka danna, ka rage ma'ajiyar wucin gadi ta akwatin shigar da sauti. A kan 48 kHz, wato ana auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, ma'ajiya mai lamba 128 jinkirinta kusan milisakan 2.7 ne, mai lamba 1,024 kuwa ya haura 21, kuma babu mai iya buga kiɗa daidai da irin wannan jinkiri.

Aiki da luf

Amfanin luf shi ne yana kawo maka makaɗi na gaske da ɗaki mai kyau da makirufo masu tsada a fayil ɗaya. Ka zaɓi wanda gudunsa na asali yake kusa da na waƙarka, domin idan manhaja ta ja shi ko ta matse shi da yawa, kaifin bugun yakan dushe, faya-fayen ƙarfe kuma su riƙa kyarma. Idan tazarar ta yi yawa, ka yanka luf ɗin bugu-bugu ka jera gutsattsarin a sabon gudu, dabarar da manhajar ReCycle ta kawo a 1994, wadda yanzu take cikin FL Studio da Ableton Live da sauransu. Yankan yana kuma ba ka damar sake tsarin, ka cire gangar ƙafa a baiti, ka yi shiru na bugu ɗaya gab da amshi, ka juya gaɓa ta huɗu ta bambanta da ukun farko. Luf ɗin da aka bari yana zagaye minti uku ba canji yana gajiyar da mai sauraro ko da bai san abin da ya gajiyar da shi ba.

Idan za ka haɗa luf da gangar ƙafa taka, ka yanke ƙasan sautin luf ɗin, daga wajen 150 Hz zuwa ƙasa (Hz awon tsayin murya ne, ƙaramar lamba tana nufin sauti mai kauri), don kada gangunan ƙafa biyu su yi karo. Ka kuma lura da lilonsa: luf mai lilo da hai-hat miƙaƙƙe ba sa zama tare, sai dai ka sa manhaja ta ciro salon luf ɗin ta ɗora wa sauran bugun. Gangunan hannu da doguwar gangar ƙafa irin ta 808 suna da muryar da ake iya rerawa, saboda haka sai an daidaita su da makullin waƙar, in ba haka ba za su yi faɗa da bes, wato jita mai kaurin murya.

Maganar haƙƙin mallaka ba ta da tsawo amma tana da nauyi. Ka karanta lasisin kowane luf ka adana shi. Luf ɗin da aka sayar ba tare da sharaɗin biyan kaso ba, an sayar wa wasu da yawa, kuma tsarin gano sauti irin Content ID na YouTube yana iya ɗaukar waƙarka a matsayin kwafin ta wani da ya riga ka amfani da shi. Gutsuren da ka yanko daga waƙar wani kuwa yana buƙatar izini.

Idan makaɗi zai shigo ɗaki

A nan ɗakin ne ke da magana ta farko. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai muryar da ke taruwa ta kumbura, wadda ake samu idan aka raba 343 da ninkin tazarar. Ɗaki mai faɗin mita 3 yana kumbura wajen 57 Hz, mai mita 4 kuma wajen 43 Hz, daidai yankin da gangar ƙafa take, shi ya sa za ka ji ta cika ɗaki a wani lungu ta ɓace a wani. Soson da ake mannawa a bango yana shanye saman sauti ne kawai, ba ya taɓa wannan, kuma ba ya hana ƙara fita zuwa maƙwabta. Abin da ke taimakawa shi ne abu mai kauri a kusurwoyi, shimfiɗa a ƙarƙashin ganguna, da wani abu mai shanye sauti a saman kan makaɗi idan rufin gajere ne, domin amsawar rufi ita ce ke sa faya-fayen ƙarfe su yi tsami. Ka tafa hannu a tsakiyar ɗakin. Idan ka ji wata ƙara mai kyarma ta biyo baya, makirufo ma zai ji ta a kan kowane bugun sineya.

Ka kula da kunnuwanku. Jerin ganguna a ƙaramin ɗaki yana haura desibel 100 a awon ƙarfin sauti cikin sauƙi, alhali NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta sa iyaka a desibel 85 na sa'a 8, lokacin kuma yana raguwa da rabi a duk ƙarin desibel 3, wanda ke nufin minti 15 kacal a desibel 100. Hedifon mai rufe kunne sosai ko abin toshe kunne wajibi ne ga duk wanda ke cikin ɗakin.

Kafin a kafa makirufo, a gyara gangar kanta: a canza fatar da ta mutu, a ɗaure kusoshi daidai da juna ta hanyar bi ɗaya bayan ɗaya a gicciye, a ɗan sa filo a cikin gangar ƙafa, a shafa mai a fedar da ke kuka. Babu manhajar da za ta mayar da ganga mara ɗauri mai daɗi. Sannan ka rage yawan makirufo. Hanyar da aka sani da sunan injiniyan Ingila Glyn Johns tana aiki da uku ko huɗu: ɗaya a saman sineya, kimanin mita ɗaya, yana kallon ƙasa, na biyu a gefen babbar tom-tom ta ƙasa yana kallon sineya, na uku a gaban gangar ƙafa, na huɗu, in ana so, kusa da sineya, inda makirufon Shure SM57 ya daɗe yana aiki. Sharaɗin hanyar shi ne na farko da na biyu su kasance nisa ɗaya daga tsakiyar sineya, kuma da igiya ko tef ake aunawa, ido ba ya isa.

Dalilin awon shi ne, duk santimita 34 na bambancin nisa jinkirin milisakan ɗaya ne, kuma idan sauti ɗaya ya iso makirufo biyu a lokuta daban, wasu muryoyinsa suna cinye juna idan an haɗa. Makirufon da ke manne da sineya da wanda ke mita ɗaya a sama suna da bambancin kusan milisakan 3, wanda ke rage yankin 170 Hz, wato daidai kaurin sineyar. Shi ya sa za ka ji kowane makirufo da daɗi shi kaɗai, amma da ka buɗe su tare sai gangar ta rame. Ka mayar da sauraro zuwa lasifika ɗaya, ka danna maɓallin juya sauti, mai alamar Ø, a kan makirufon sineya sannan na gangar ƙafa, ka bar duk matsayin da ya fi kauri. Ka naɗa a kan bit 24, bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili, wato ƙololuwar ma'aunin manhaja, domin makaɗi yana ƙara ƙarfi idan waƙa ta kama shi fiye da yadda ya yi lokacin gwaji.

Makaɗa da yawa ba sa jin daɗin bin ƙarar awon lokaci tsurarta. Ka sa masa luf mai sauƙi na caki a hedifon maimakonta, tare da murya da bes na gwaji, za ka ga ya saki jiki. Ka naɗi waƙar sau uku ko huɗu daga farko zuwa ƙarshe, ka zaɓi mafi kyau, ka ɗinke wuraren da suka lalace daga sauran. Duk yankan da za ka yi, ka yi shi a kan dukkan layukan ganga tare, wato naɗin kowane makirufo, domin motsa layi ɗaya yana rushe awon da ka sha wahala a kansa. Kuma idan ka ga kana jan kowane bugu zuwa layi, ka dakata, domin abin da ka kira makaɗi dominsa kake gogewa.

Haɗa biyun

Wannan ce hanyar da na fi amincewa da ita a ɗakin gida. Ka tsara gangar ƙafa da sineya a kwamfuta, tunda su ne ƙaramin ɗaki ya fi cuta, sannan ka naɗi caki, tafi, gangar hannu, ko hai-hat shi kaɗai, da makirufo ɗaya, daga farkon waƙa har ƙarshenta ba tare da yanka da maimaitawa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke cike tsakanin manyan bugu, kuma a cikinsu kunne yake gane motsin mutum. Ka tsaya kamar rabin mita daga makirufo idan caki kake kaɗawa, ka rage ƙarfin shigar sauti fiye da yadda ma'auni ke nunawa, domin kaifinsa yana wucewa da saurin da wasu ma'aunai ba sa kamawa. Idan tafi ne, ka naɗa sau uku ko huɗu kana canza wurin tsayawa, ka rarraba su hagu da dama.

Idan kana da makaɗi amma ɗakin bai yarda ba, gangunan lantarki irin V-Drums na Roland suna aika bugunsa zuwa kwamfuta a matsayin MIDI, da lokacinsa da ƙarfinsa, sai manhajar ganga ta ba da sautin. Kana iya canza sineya ko gyara bugu ɗaya bayan ya tafi gida. Idan kuma ka riga ka naɗi ganguna na gaske gangar ƙafa ta fito ba ƙarfi, manhajoji irin Drumagog da Trigger suna gano kowane bugu su ɗora samfur a kansa. Ka cakuɗa samfur ɗin a ƙarƙashin na asali, ka duba bugu-bugu ko ya faɗo daidai da shi, musamman a wurin ƙananan bugun sineya inda manhaja ke yawan ruɗewa.

Abin da ke tona asirin haɗin shi ne a ji kowane sauti a ɗakinsa daban, samfur a bushe, caki kuma da amsawar bangon gidanka. Ka buɗe layi ɗaya na amsa-kuwwa mai kwaikwayon ƙaramin ɗaki, gajere, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ka aika masa kaɗan daga kowane abin bugu, na kwamfuta da na hannu, ka yanke ƙasansa don kada ya jagula gangar ƙafa. Bayan haka ka tara su duka a layi ɗaya, ka sa kwamfuresa, wato abin da ke danne sauti idan ya yi ƙarfi, mai rage desibel 2 ko 3 kawai, mai jinkirin kamawa na wajen milisakan 30 don kaifin bugu ya wuce. Bes kuwa a naɗe shi bayan an gama duk wannan, mai buga shi yana jin gangar ƙafar da za ta zauna a waƙar, domin idan aka canza tsarinta daga baya sai an sake naɗar bes ɗin.